NASSARAWA DA TSOFAFFIN GIDAJENTA: INDA AKA YANKE WA BOKO CIBIYA

Gabatarwa

Idan aka ambaci Nassarawa a Kano, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne unguwar masu hannu da shuni, mai tituna masu inuwa da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe da masu gadi. Yaran da muke koyarwa a makarantun sakandare sun san Gidan Gwamnati, sun san asibitin Nassarawa, sun san filin sukuwa, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya kai baƙo Gidan Ɗan Hausa, balle su gaya masa abin da aka yi a cikinsa. Alhali kuwa haruffan nan da suke rubuta jarrabawa da su, waɗanda mu ma da su muke rubuta ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, a harabar wannan gidan ƙasa aka fara koyar da su da sunan hukuma, a nan kuma aka fara tsara musu ƙa'ida.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin Nassarawa ta bakin gine-ginenta, tun tana gandun sarki, ta zama barikin Turawa, har ta zama abin da muke gani a yau, sa'an nan mu dubi abin da ke cin waɗannan gidaje, da abin da ya hau kanmu mu masu riƙe da alƙalami.

Kafin Zuwan Turawa

Tsohuwar Kano birni ce mai ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar, sarakunan da suka biyo baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka gina Gidan Makama da Gidan Rumfa, wanda ya zama fadar Kano. Duk abin da ke bayan ganuwa kuwa waje ne: gonaki da fadamu da ƙauyuka da hanyoyin fatake.

Nassarawa tana gabas da birni, ƙofar da ake fita zuwa gare ta ma da sunanta ake kiran ta, watau Ƙofar Nassarawa. A ƙarni na 19, zamanin sarakunan Fulani, gandun Sarkin Kano ne. Bayin sarki ke noma gero da dawa a wurin, hatsin kuma shi ke ciyar da mutanen fada da baƙi da dawaki. Sarki yana da gida a gandun inda yakan fita ya sha iska ya duba aikin gona, kamar yadda yake da gidaje a Fanisau da Ɗorayi. Wannan gida shi ne muke kira Gidan Nassarawa. Ke nan tun kafin Bature ya taka ƙasar Kano akwai gini na sarauta a wurin, akwai magina, akwai kuma talakawan da guminsu ya ciyar da fada, waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Gidan Nassarawa bai rasa matsayinsa ba bayan da zamani ya juya. A nan maƙabartar sarakunan Kano na baya-bayan nan take. A nan aka binne Sarki Abdullahi Bayero da ya rasu a 1953, a nan kuma aka binne ɗansa Sarki Ado Bayero a watan Yuni na 2014, Allah ya jiƙansu. A watan Mayu na 2024, lokacin da rikicin sarautar Kano ya tashi, sunan gidan ya cika gidajen rediyo da jaridu, don a nan Alhaji Aminu Ado Bayero ya sauka, Malam Muhammadu Sanusi na Biyu kuma yana Gidan Rumfa. Mutane da yawa a ranar suka fara jin cewa Kano tana da wata fada a bayan ganuwa.

Yadda Gandu Ya Zama Bariki

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar dawowa aka yi karo a Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu, Wambai Abbas ya dawo da ragowar jama'a, Gwamna Lugga kuma ya naɗa shi sarki. Shi kuwa Alu aka kama shi, aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1926.

Turawa ba su zauna cikin birni ba. Sun zaɓi bayan ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai, inda suka kafa ofis da barikin soja da gidajen kwana. Dalilansu biyu ne. Na farko siyasa: tsarin mulkinsu shi ne a bar sarki da alƙalai da hakimai su ci gaba da hulɗa da talakawa, Razdan da Di'o kuwa su tsaya daga gefe suna ba da umarni. Na biyu tsoron cuta. A 1897 wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, sai hukumomin mulkin mallaka suka ɗauki ra'ayin cewa lafiyar Bature tana cikin nisantar mazaunin baƙar fata. Ƙa'idar Lugga ita ce a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A garuruwa da dama irin waɗannan filaye su ne suka zama wuraren sukuwa da wasan folo da golf. Ba a yarda baƙar fata ya kwana a unguwar ba, sai kuku da boyi da mai gadi da mai ban ruwan lambu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai Waje ya ƙara rarrabuwa. Aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka ware wa kamfanonin Turawa filin kantuna kusa da tasha, Kwarori suka sami nasu layin, Fagge kuma ta ci gaba da karɓar fatake. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo. Unguwar da aka keɓe wa Turawa ita ce daga baya aka riƙa kira G.R.A., wurin zaman manyan ma'aikatan gwamnati.

Wannan sauyi ya bar tabo har a harshenmu. Kalmar bariki asalinta mazaunin soja ne, amma Bahaushe ya faɗaɗa ta, ya sami ɗan bariki da zaman bariki da barikanci, duk suna nuni ga rayuwar da ta fita daga idon iyaye da malamai. Ya kuma bar tabo a al'ada. Hawan Nassarawa, wanda bisa al'ada ake yi a rana ta uku ta Salla, ya samo asali ne daga fitar da sarki ke yi ya gaisa da Razdan. Da Razdan ya tafi, gwamna ya gaje shi, hawan ya ci gaba, sarki ya ziyarci kaburburan magabata, ya shiga Gidan Gwamnati, ya biyo ta Sabon Gari da Fagge ya koma gida. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Wane ne Ɗan Hausa?

Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ya fara zuwa ƙasar nan a 1901 a matsayin ɗan mishan, bai daɗe ba ya bar wannan aiki, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya shiga aikin mulki a 1903, aka tura shi Barno. A 1906, da zai dawo daga hutu, maimakon ya biyo jirgin ruwa sai ya biyo ayari daga Tarabulus, ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma har Tafkin Chadi, tare da alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida. Ya rubuta labarin wannan tafiya a littafin da aka buga a 1910 mai suna Across the Sahara. Ƙwarewarsa a Hausa da sanin ladubban mutane su suka sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

A wannan lokaci maganar makaranta ta zame wa Turawa ƙarfen ƙafa. Suna bukatar malaman ofis da masu awon ƙasa da masu rubuta haraji, amma Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, makarantun boko kuwa a lokacin na mishan ne. Kanawa ba su manta ba cewa a 1900 Bishop Tugwell da Dokta Miller sun zo Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Don haka Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya ɗauko Ɗan Hausa, ya tura shi Masar da Sudan da ƙasar da yanzu ake kira Gana ya ga yadda ake tafiyar da makarantu, musamman a ƙasashen Musulmi. Da ya dawo sai ya zaɓi Nassarawa.

Makarantar Nassarawa da Rubutun Boko

A 1909 aka buɗe makarantar, ita ce ta farko da gwamnati ta kafa da kanta a Arewa. An fara da ajin malamai, watau mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya domin su koyar da wasu. Daga nan aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da na elementare, da na sana'o'in hannu inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da gini. Da Hausa ake koyarwa, malaman addini kuma suna ba da nasu darasi. Ɗalibai daga larduna daban-daban aka kawo su, kafin yaƙin duniya na 1914 sun haura 200. Wanda ke son cikakken bayani ya nemi littafin Sonia Graham na 1966 a kan ilmin gwamnati da na mishan a Arewa daga 1900 zuwa 1919.

Kada mu ɗauka an karɓi abin hannu bibbiyu. Iyaye da yawa sun ƙi, wasu masu sarauta 'ya'yan barorinsu suka tura a madadin nasu. Sunan da aka ba karatun ma shaida ne. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi aka aro ta, amma masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, irin wadda ke cikin amaryar boko. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da Larabci da ajami, sababbin baƙaƙen nan ba su cika musu ido ba.

Ba Ɗan Hausa ne ya fara rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa ba. Schön ya buga ƙamus a 1876, ya buga Magana Hausa a 1885, Robinson ma ya fitar da nasa ƙamus a 1899. Sai dai kowannensu yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta. Makaranta kuwa ba ta yiwuwa sai malami da ɗalibi sun yarda da rubutu iri ɗaya. Wannan bukata ce ta sa a 1912 Ɗan Hausa ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa, masu suna Rules for Hausa Spelling, aka riƙa bin su a makarantu da ofisoshin En'e. An yi musu gyare-gyare daga baya. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo. Amma harsashin a Nassarawa aka haƙa shi.

Mu bi sawun abin mu gani. Malaman da aka horar a Nassarawa su aka rarraba suka buɗe makarantun larduna. Makarantun larduna suka ciyar da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Cikin ɗaliban Nassarawa akwai Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, kuma wa ne ga Abubakar Imam. Da Dokta Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, John Tafida da East kuma suka haɗu a Jiki Magayi. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk marubucin da ya buga littafi a Kano ko Zariya ko Kaduna daga wannan lokaci, ko ya sani ko bai sani ba, yana cikin wannan salsala.

Shi Ɗan Hausa yaƙin 1914 ne ya raba shi da Kano. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a Afirka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Ya rasu a 1945. Matarsa Isabelle ta bar littafi da Faransanci, wanda aka buga a 1917, mai ɗauke da abubuwan da ta gani a zamansu na Nassarawa. Ba mu kawo tarihinsa don mu wanke mulkin mallaka ba. Ma'aikacinsa ne, makarantarsa kuma bukatun wannan mulki ta fara biya, ajami ya ja baya a ofis saboda ita. Amma abin da ya faru ya faru, kuma a wannan gida ya faru.

Ginin Kansa

Riwayar da ake bayarwa ita ce gidan tun asali na wani bawan sarki ne mai kula da gandu, Ɗan Hausa ya karɓe shi ya faɗaɗa shi da taimakon maginan Kano. Abin lura shi ne bai kawo fasalin gidan Turai ba. Da kayan ƙasa aka gina shi, bisa fasahar da ta gina Gidan Makama, don haka ya kamata marubuci ya san sunayen abubuwan da yake kallo idan ya shiga.

Da tubali ake tayar da bango, watau curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Ana jera shi tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango ya yi kauri, yana sirancewa yana hawa. Rufi da azara ake yin sa, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, don gara ba ta cika cin ta ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, to a nan gwanintar magini take. Sai ya riƙa dasa azara cikin bango yana ɗaure wata a kan wata, kowace tana ɗan leƙowa gaba, yana lulluɓe su da ƙasa, har na hagu da na dama su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar soro, an sami ɗaurin guga, a kansa tulluwa ke zama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Daga waje kuma akwai zankwaye a kusurwoyi, da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. A nan za mu ga yadda sana'o'in Kano suke riƙe da juna: abin da marini da majemi suka zubar shi ne abin da magini ke nema. Kaurin bangon kuma shi ke sa ɗaki ya yi sanyi da rana a bazara, ya riƙe ɗumi da dare a hunturu, ba tare da fanka ko na'ura ba.

Gidan ya tsira ne saboda ba a bar shi kango ba. Bayan Ɗan Hausa wasu jami'ai sun zauna a ciki, daga bisani ya koma hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, aka ajiye kayan tarihi da hotuna a sorayensa.

Gidajen Bariki

Sauran tsofaffin gidajen Nassarawa wani iri ne daban. Na farko-farko da ƙasa aka yi su, daga baya Ma'aikatar Ayyuka ta riƙa gina su da dutse da bulo da kwano. Fasalinsu kusan ɗaya ne: gida a tsakiyar fili mai faɗi, daɓe a ɗage daga ƙasa, silin mai tsawo, baranda a kewaye, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. Kicin da ɗakunan boyi-boyi suna can baya, nesa da idon mai gida. Shingen itatuwa ne iyaka, maɗaci da darbejiya suna ba da inuwa.

Gidan Bahaushe yana kallon ciki, zaure ne ke tare baƙo, tsakar gida kuma ta mata ce. Gidan bariki yana kallon waje, falo a gaba, lambu a buɗe. Da 'yan ƙasa suka gaji gidajen bayan 1960, musamman bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 Audu Baƙo ya zama gwamna, abin da suka fara yi shi ne tayar da katanga da ware sashen iyali. Wanda ya iya karanta gini zai ga wannan ja-in-ja tsakanin al'adu biyu a jikin bangon.

Unguwar tana da asibitinta, wanda aka fara domin Turawa da manyan ma'aikata, aka sa masa sunan Muhammad Abdullahi Wase bayan rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1996. Turawa suna da kulob ɗinsu ta wajen Bompai, inda suke haɗuwa da yamma su sha abin shansu, alhali dokarsu ta hana sayar wa 'yan Arewa barasar da ake shigowa da ita. Ko sunayen tituna abin nazari ne. A unguwar da aka gina don waɗanda suka ci Kano akwai titin da ake kira Alu Avenue, suna ɗaya da sarkin da suka kai Lakwaja.

Abin da Ke Cin Gidajen

Ginin ƙasa rai gare shi, abincinsa kuwa yaɓe. Idan damina ta wuce ba a duba rufi ba, ba a gyara indararo ba, ruwa zai sami hanya, azara ta ruɓe, soro ya zauna. A da kowace shekara ana yin wannan aiki, akwai Sarkin Magina da yaransa, ɗa yana koya a wurin uba. Yau 'ya'yan magina sun koma bulo da siminti, don a nan kuɗi yake. Giginya ta yi ƙaranci, marina ma sun ragu. Wani abin takaici shi ne gyaran ganganci, a shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, bango ya ci kansa daga ciki har wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya.

Gidajen bariki kuwa ba ruwan sama ke kashe su ba, tsadar fili ce. Gida ɗaya mai ɗakuna uku yana zaune a filin da zai ɗauki gidaje shida ko rukunin kantuna. Da gwamnatoci suka riƙa sayar da gidajen ma'aikata, magada kuma suka riƙa rabon gado, lissafin ya fito fili. Sai a sare itatuwan da suka shekara 70, a kawo katafila, cikin mako guda a share wuri. Ba mu ce mai gida ba shi da iko da dukiyarsa ba, ba mu kuma ce kowane tsohon gida ne abin ajiyewa ba. Abin da muke kuka da shi shi ne ana rushewa babu wanda ya ɗauki hoto, babu wanda ya auna, babu wanda ya tambayi wa ya gina, wa ya zauna, me aka yanke a ciki.

Doka ma ba ta cika yin tasiri ba. Tun 1979 akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ganuwar Kano da ƙofofinta kuma suna cikin abubuwan da doka ta kare, a 2007 ma aka sa su cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Duk da haka a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa da kayan zamani. Idan ƙofar birni mai ɗaruruwan shekaru ta tafi haka, ina ga gidan Di'o?

Yadda Wasu Suka Yi

A Ingila, ƙasar waɗanda suka gina barikin, tun 1947 doka ta tanadi a yi rajistar gine-ginen tarihi, mai gida ba ya rushewa ko ya sauya fasali sai da izini. A Landan ana manna shuɗin allo a jikin gidan da wani shahararre ya zauna. Gidan da marubuci Charles Dickens ya zauna a titin Doughty gidan tarihi ne tun 1925. Har mashayar da ake kira Ye Olde Cheshire Cheese, wadda aka sake ginawa a 1667 bayan gobarar Landan, an kiyaye ta, babban dalili kuwa shi ne marubuta sun zauna a cikinta, sun kuma ambace ta. Mu ba mashaya muke nema a ajiye mana ba. Darasin shi ne alƙalami ne ya ba ginin daraja kafin doka ta kare shi.

Ba sai mun je Turai ba ma. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, a 1986 ginin ya ci lambar Aga Khan ta fasahar gine-gine. A 2013 UNESCO ta amince da tsohon garin Agadas. A gida kuma, gidan Sardauna na Kaduna ya zama Arewa House, gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja ya zama cibiyar Mambayya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Duka biyun sun rayu ne domin an ba su aikin yi.

Kammalawa

Mu marubuta ba mu da katafila, ba mu da ikon hana ta. Abin da muke da shi shi ne takarda, kuma aikin da za ta yi a nan ba kaɗan ba ne. Z. R. Dmochowski da J. C. Moughtin da Hamman Tukur Sa'ad sun yi rubutu mai zurfi kan ginin Hausa, amma da Ingilishi suka yi, magini da ɗansa ba za su karanta ba. Muna bukatar irin wannan da Hausa. Akwai tsofaffi a Giginyu da Tudun Wada da Gama da Fagge waɗanda iyayensu suka yi aikin kuku da gadi da lambu a bariki, sun san wane gida ne na wa, kowace shekara kuma raguwa suke yi. Reshen ƙungiya zai iya raba tituna tsakanin mambobinsa, kowa ya ɗauki ɗaya, ya yi hira da mazauna, ya nemi izini ya ɗauki hoto, a tara a buga.

Ga masu ƙagaggun labarai kuma, sau nawa muke karanta littafi a ce attajiri yana zaune a wani katafaren gida a G.R.A., a lissafa motoci da kujeru, amma ba a ji ƙamshin wurin ba? Unguwar da ta ga bawa da sarki da Razdan da kuku da kwamishina ta fi ƙarfin wannan. Mu malamai kuma mu kai ɗalibanmu Gidan Ɗan Hausa kafin mu koya musu ƙa'idojin rubutu, su tsaya ƙarƙashin bakan gizo, su taɓa bangon, a gaya musu cewa a nan aka fara. Idan ƙungiya ta riƙa yin wasu tarurrukanta na karatu a harabarsa, ta taimaka wajen ba shi abin da tsohon gini ya fi bukata, watau sawun mutane. Allah ya ba mu ikon yi tun gidajen suna tsaye, amin.